Ra'ayi: Ɗakin da fitilunsa ke bin bugun zuciya, da wanda ke bin aljihu

Ƙanena ya dawo daga Umara kwanakin baya, kuma cikin tsarabar da ya zo da ita babu wadda ta jawo surutu a gidanmu kamar wani ɗan bidiyo da ke cikin wayarsa. A Jidda ya ɗauke shi, kwana guda kafin jirginsu ya tashi. Wani ƙaton ɗaki ne mai duhu, furanni na haske suna tsirowa a bango da ƙasa, ruwa na haske yana kwararowa daga sama. Da ya tsaya a wuri ɗaya sai ruwan ya rabu biyu ya kewaye ƙafafunsa, kamar yadda rafi ke kewaye dutse. Da ya kai hannu kan furen sai ganyensa ya watse.

Yara suka yi ta cewa a maimaita. Baffanmu kuwa, wanda ya kwana uku yana aika wayarsa shagon caji, ya kalla sau ɗaya ya miƙa masa abarsa. Ya ce, "Kai ɗan nan, wutar da aka ƙona a ɗakin nan ai ta ishi unguwarmu wata guda. Har kuɗi ka biya ka shiga?"

An yi dariya an watse, amma tambayar Baffa ba ta bar ni ba. Ina ganin yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ya yi kuskure a wani. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan.

Wurin da ƙanena ya shiga sunansa teamLab Borderless. An buɗe shi a watan Yunin 2024 a gefen tsohon garin Jidda, da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu ta Saudiyya. Masu shi wata ƙungiya ce ta Japan da Toshiyuki Inoko ya kafa tare da abokansa a 2001, wadda ta tara masu zane da injiniyoyi da masana lissafi da masu rubuta manhaja da masu tsara gine-gine a inuwa ɗaya. Gidansu na farko irin wannan sun buɗe shi ne a unguwar Odaiba ta birnin Tokyo a 2018. A lokacin faɗinsa murabba'in mita 10,000 ne, da kwamfuta 520 da majigi 470 suna aiki tare. A shekararsa ta farko mutum kimanin miliyan 2.3 suka shiga.

Abin da ya bambanta shi da silima shi ne, ba fim aka ɗauka tun da farko ake haskawa ba. Akwai na'urori a ɓoye da ke lura da inda mutum ya tsaya da inda ya kai hannu, su sanar da kwamfuta, ita kuma ta zana hoton a nan take bisa ƙa'idojin da aka ba ta. Ruwan da ya kewaye ƙafar ƙanena, alal misali, lissafi ne na yadda ɗimbin ƙwayoyin ruwa ke ture juna idan sun ci karo da wani abu. Shi ya sa abin da ka gani yau ba za ka sake ganin irinsa sak gobe ba, domin mutanen da ke cikin ɗakin sun canja.

A gidan na Odaiba, kafin a rufe shi a 2022, akwai wani ɗaki mai madubai da aka rataye fitilu birjik. Idan ka tsaya kusa da ɗaya sai ta ƙara haske, ta miƙa hasken ga biyu mafiya kusa da ita, su ma su miƙa gaba, har ya zaga ɗakin. Idan ka ga wani launi ya nufo ka daga nesa, alama ce akwai wani mutum tsaye a can. Yara kuma ana ba su takarda su zana kifi, a saka a na'ura, nan da nan su ga kifinsu yana iyo a bango tare da na sauran yara.

Duk wannan ba zai yiwu ba in da wasu masana uku na Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, ba su nace ba. Tun shekarun 1960 ake da fitilar LED mai ba da jan haske, aka kuma samu koriya, amma shuɗiya ta gagari manyan kamfanonin duniya kusan shekara 30. Sai a farkon shekarun 1990 waɗannan mutane suka samo ta ta hanyar wani sinadari da ake kira gallium nitride. Da aka samu shuɗi sai farin haske ya samu, aka kuma iya haɗa ja da kore da shuɗi a fitar da kowane launi. An ba su kyautar Nobel a 2014, kuma kwamitin da ya ba su ya ambaci mutum sama da biliyan 1.5 da ba su da wutar gwamnati a matsayin waɗanda za su amfana. Wato tocilar da Baffa ke haska hanyar masallaci da ita da asuba, da fuskar wayar da kake karanta wannan rubutu a kai, da yawancin fitilun da masu wannan fasaha ke wasa da su, duk 'ya'yan bincike ɗaya ne.

To, ina gaskiyar Baffa take? Tana nan a cewa mafi yawan abin da ake tallatawa da sunan wannan fasaha tarkon waya ne kawai. Tun bayan da aka buɗe Atelier des Lumières a birnin Paris a 2018, kamfanoni suka gano wata hanyar samun kuɗi mai sauƙi. A kama hayar tsohon sito, a ɗauko zane-zanen Vincent van Gogh, wanda ya mutu tun 1890 babu mai neman haƙƙin mallaka, a hura su su yi girma, a haska a bango da ɗan kiɗa, a sayar da tikiti mai tsada. Birane da dama a Amurka da Turai sun ga irin wannan, wani lokaci kamfanoni biyu suna gasa a gari ɗaya da mai zane ɗaya. Mutane su shiga, su juya wa hoton baya, su ɗauki kansu, su fita. Ko kana ciki ko ba ka ciki, majigin zai yi abin da zai yi. Babu abin da ka ƙara masa, shi ma bai ƙara maka komai ba sai hoton da za ka saka a Instagram.

Ita kanta teamLab ba ta tsira daga wannan suka ba, kuma ni ma ina da ɗan ja a kanta. Aikinsu yana da zurfin lissafi, babu musu, amma kullum furanni ne da malam-buɗe-littafi da ruwa mai sheƙi. Babu abin da zai dame ka ko ya hana ka barci. Gwamnatoci masu kuɗin mai sun fahimci haka sarai. Saudiyya ta fara bikin fitilu na Noor Riyadh a 2021, Abu Dhabi ta buɗe nata gidan teamLab a 2025. Haske ba ya zanga-zanga, yana kyau a hoto, yana kuma jawo 'yan yawon buɗe ido. Wanda ya ce akwai siyasa a ciki bai yi ƙarya ba.

Ma'aunin da ni nake amfani da shi ɗaya ne: a fitar da mutane daga ɗakin, a ga abin da zai rage. Idan aikin ya ci gaba da gudana yadda yake, to allon talla ne mai tsada. Idan kuwa ya rasa abin faɗa, to an gina shi ne a kan mutum, kuma a nan ne ake samun waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne Rafael Lozano-Hemmer, haifaffen birnin Meziko a 1967 mazaunin Montreal ta Kanada. Digirinsa a fannin kimiyyar sinadarai ne, ba zane ba. Ya sha ba da labarin cewa lokacin da matarsa ke ɗauke da cikin tagwaye, ya saurari bugun zuciyar yaran biyu a lokaci guda a asibiti, ya ji kowanne da nasa salon, suna haɗuwa suna rabuwa. Daga nan tunanin aikin da ya kira Pulse Room ya samo asali, wanda ya fara nunawa a 2006 a wata tsohuwar masaƙa da ke Puebla.

Ga yadda abin yake. An rataye ƙwayayen fitila ɗari ko fiye a jere daga rufin ɗaki. A gefe akwai wani ƙarfe mai mariƙi biyu, irin na injin motsa jiki. Idan ka riƙe shi, na'ura za ta ɗauki bugun zuciyarka, ƙwan da ya fi kusa da kai ya fara kunnuwa yana mutuwa daidai da yadda zuciyarka ke harbawa. Da ka saki sai ɗakin ya yi duhu na ɗan lokaci, sannan kowane bugu ya matsa gaba zuwa ƙwai na kusa. Naka ya shiga layi. Duk sauran fitilun da ke ƙyaftawa a samanka zukatan mutanen da suka riga ka zuwa ne, wani mai sauri, wani mai nawa, wani mai tsallake. Kowane sabon mutum da ya riƙe ƙarfen yana tura ka gaba taki ɗaya. Bayan mutum ɗari, ka kai ƙarshen layi, na bayanka ya ture ka, fitilarka ta koma ta wani.

Ban san wa'azin da ya fi wannan gajarta a kan ƙarewar rayuwa ba, kuma babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Shi da kansa ya ce wani fim ɗin ƙasarsu na 1960 mai suna Macario ya taimaka masa, inda aka nuna wani kogo cike da kyandirori, kowane kyandir ran mutum guda. Ka gwada ma'aunina a nan: idan babu wanda ya taɓa riƙe ƙarfen, ƙwayayen fitila ne kawai rataye a tsohuwar masaƙa.

A ayyukansa na baya-bayan nan ya daina buƙatar ƙarfen. Hannu kawai za ka miƙa ƙarƙashin wata na'ura, ta karanta bugun daga yadda fatarka ke mayar da haske. Wannan kimiyya ce da kowa zai iya gwadawa a daren yau. Kunna tocilar wayarka ka ɗora yatsa a kai, za ka ga ya yi jawur. Duk lokacin da zuciya ta harba jini, yawan hasken da yatsan ke shanyewa yana ɗan canjawa. Ido ba ya kama canjin sosai, amma na'ura tana kamawa. Da wannan dabarar ɗan abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa a asibiti yake aiki. Mu da muka taso muna rufe tocila da tafin hannu muna mamakin jan da yake yi, ashe a bakin ƙofar ilimi muke wasa.

A nan ma sai na sake ba Baffa gaskiyarsa. Ƙwayayen farko na Pulse Room irin na da ne masu zafi, kowanne wat 300. Ɗari daga cikinsu idan suka kama gaba ɗaya wat 30,000 ke nan, wutar gidaje masu yawa a irin unguwarmu. Sai daga baya mai aikin ya koma LED, inda yake kunna dubban ƙwayaye da wuta kaɗan.

Aikinsa da ya fi taɓa ni kuwa a fili aka yi shi, kyauta. A watan Nuwamban 2019 ya kafa tashoshi shida a kan iyakar Amurka da Meziko, uku a El Paso, uku a Ciudad Juárez, garuruwa biyu da ke kallon juna amma shinge ya raba. Kowace tasha tana da manyan fitilu masu harba haske sama, da makirufo, da wani abin juyawa. Idan ka juya haskenka ya haɗu da na wani a tsallaken iyaka, sai layin magana ya buɗe tsakaninku, ku ji muryar juna, hasken yana ƙaruwa yana raguwa da ƙarfin muryar mai magana. Sunan aikin Border Tuner. Irin waɗannan fitilu an san su ne da farautar masu tsallaka iyaka da dare. Shi sai ya miƙa linzaminsu ga talakawan garin.

Duk wanda ke da dangi a Maraɗi yana Jibiya, ko a Ƙonni yana Illela, kuma ya ga yadda aka garƙame iyaka a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin abin da wannan aiki ke nufi.

Akwai kuma wani abu da masu sha'awar wannan fasaha ba su cika son a tayar ba. Na'urar da ta san inda ka tsaya domin ta tsirar maka da fure, 'yar gida ɗaya ce da wadda ke bin sawun mutane a filin jirgi da manyan kantuna. Ɗakin da zai amsa motsinka dole ne ya sa maka ido. Lozano-Hemmer ba ya ɓoye wannan, yana ma gina ayyukansa a kai domin mutane su ji a jikinsu cewa ana kallonsu. Amma fasahar tana yaɗuwa zuwa hannun 'yan kasuwa da hukumomi, kuma ya kamata mai sayen tikiti ya saba tambayar abin da ake yi da hoton fuskarsa da bugun zuciyarsa bayan ya fita. Mun riga mun saba danna "na yarda" a waya ba tare da karantawa ba. Zai zama abin takaici mu kai wannan ɗabi'a har kan jininmu.

Inda na rabu da Baffa shi ne a zaton cewa wannan harka ta masu ƙoshi ce kaɗai, babu ruwan wanda ke fama da duhu. Misali ɗaya ya canja min tunani.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da tsayin teku. Ganuwa da injinan zuƙe ruwa ne ke riƙe da ƙasar, kuma sun daɗe suna aiki lafiya har jama'a sun fara mantawa da su. A 2015 wata hukumar kula da ruwa ta ƙasar ta haɗa kai da mai fasaha Daan Roosegaarde ya yi aikin da ya kira Waterlicht. Da dare, ya yi amfani da fitilun LED da gilasai da hazo ya shimfiɗa wani shuɗin haske mai kaɗawa kamar igiyar ruwa a saman kawunan mutane, a tsayin da ruwa zai iya kaiwa in da babu ganuwar. An nuna shi a dandalin gidajen tarihi na Amsterdam, daga baya ya zaga wasu ƙasashe. Shi wannan bai damu da motsin kowa ba, iska ce ke juya shi, don haka ya ɗan karya ma'aunina. Amma mutumin da ke tsaye a ƙarƙashinsa shi ne sandar awo. Ka ɗaga kai ka ga inda ruwa zai tsaya, ka dubi ɗanka da ke riƙe da hannunka.

Yanzu mu dawo gida. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, aka rasa rayuka, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, madatsar nan ta yi irin wannan ɓarna. A tsakanin ambaliyar biyu an haifi mutane sun girma sun yi aure sun gina gidaje a wuraren da ruwa ya taɓa kwana, ba tare da wata alama da ke tuna musu ba. Rahoton kwamiti yana cikin durowa, kuma ko an fito da shi mutum nawa za su karanta? Amma a ce duk shekara idan Satumba ta zagayo, a ja layin shuɗin haske a jikin gine-ginen unguwannin da abin ya shafa, daidai inda ruwan ya kai, wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai gane. Mai shirin sayen fili zai gane. Jami'in da ke sa hannu a takardar izinin gini zai bi ta wurin a motarsa.

Wannan ba ya buƙatar majigi 470. Zaren fitilar LED irin wanda ake ƙawata shaguna da shi ya wadatar, da faifan sola, da batir, da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Arduino, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Ita ma tarihinta ya dace da zancen: a 2005 aka ƙirƙire ta a wata makarantar koyon tsara abubuwa da ke garin Ivrea na Italiya, domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya haɗa abin da ke amsa taɓawa da motsi. Ɗalibanmu na fannin lantarki a jami'o'i da kwalejojin fasaha sun san ta, da ita da yawansu ke aikin kammala karatu. Matsalar ita ce aikin yakan ƙare a kan kantar ofishin malami, ƙura ta rufe shi. Ɗalibin zane yana wani sashe, na lantarki yana wani, tsakaninsu tafiyar minti biyar, amma sai su gama shekara huɗu ba su taɓa zama teburi ɗaya ba. Masu gyaran waya na Farm Centre a Kano, waɗanda ke farfaɗo da abin da kamfanin da ya ƙera shi ya ce ya mutu, babu wanda ya taɓa gayyatarsu irin wannan zama.

Olafur Eliasson, mai fasahar da ya rataye wata ƙatuwar rana ta fitilu da madubi a gidan Tate Modern na Landan a 2003 har mutum kimanin miliyan biyu suka je kallo, shi ne kuma a 2012 ya haɗa kai da injiniya Frederik Ottesen suka ƙera Little Sun, 'yar fitilar sola mai siffar fure da ake sayarwa da rahusa a yankunan da babu lantarki, ciki har da Habasha. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun.

Na koma wa Baffa da wannan bayani bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida a cikin duhu domin ba a kawo wuta ba. Labarin Tokyo bai dame shi ba. Na Maiduguri ne ya sa ya yi shiru, saboda akwai abokin kasuwancinsa da ya rasa kaya a ambaliyar. Can sai ya ce in kunna tocilar wayata. Ya ɗora yatsansa a kai, ya daɗe yana kallon jan da ya yi, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da zaren fitilar, mita ɗaya.